Lita da Rabi na Man Zurma

Isufu ya iso gidana a Tasawa ranar Litinin da la'asar, da ƙafa, takalmi ɗaya a hannu domin igiyarsa ta tsinke tun Mayahi. Ƙanen matata ne, marigayiya Zalika. Da can in ya zo, tun daga zaure yake fara yi mini tsiya, yana tambaya ko har yanzu takarda ce ke ciyar da ni. Ran nan bai yi ba. Ya sha ruwa kwano biyu, ya zauna a kan tabarma, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Shekarar 1984 ce. Ruwa uku aka yi a daminar, ya ɗauke. Rijiyar garinsu, Garin Na Allah, can arewa da Attantane, ta ƙafe har ana jin guga na buga dutse. Mutanen garin sun yanke shawara za su tashi gaba ɗaya ranar Alhamis da asuba, su nufi kudu. Jakuna sun mutu, waɗanda suka rage ba su iya ɗaukar kansu balle mutum. Inna, wadda ta haifi Isufu da Zalika, ba ta takawa tun bara, ƙafafunta sun kumbura. Shi kuwa ƴaƴansa biyar, biyu sai an goya. An ce za a bar ta da tulun ruwa ɗaya, tare da wasu tsofaffi biyu da suka rantse ba su barin garin.

"In ka zo da mota kafin Alhamis, shi ke nan," in ji Isufu. "In ba ka zo ba, tulun kwana huɗu zai yi."

Ina da mota. Fijo kat-san-kat ce, fara, na saye ta hannun wani Bature sufeton lakwal, wato makarantun boko, da zai koma gida a 1968, lokacin ina koyarwa. Ya bar mini ita da littafinta, na karanta shi daga bango zuwa bango, abin da shi bai taɓa yi ba. Tun rasuwar Zalika ban fita da ita bayan gari ba. Babu inda nake son zuwa, babu kuma wanda nake son gani.

Talata da safe na tafi ofishin kumandan neman takardar hanya. Soja ke mulki shekara goma ke nan, kuma a shekarar ba a bari mota ta yi arewa haka kawai. Akawun da ke ba da takardar tsohon ɗalibina ne. Ni na koya masa rubutu, na kuma ga har yanzu bai iya ba. Ya sa na tsaya sa'a biyu, sannan ya ba ni ta kwana ɗaya, Laraba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Na tambaye shi in mota ta lalace a hanya fa. Ya ce to kada ta lalace, Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal.

Da na dawo na tura motar daga rumfarta, sai na ga inda ta tsaya rairayi ya yi baƙi, faɗin faifai, daidai tsakanin ƙafafun baya. Na tayar da ita na zaga unguwa. Daga baya wani kuka ke tashi, siriri, yana ƙaruwa in na taka. Na san wurin. Akwatin ƙarfen nan ne da ke raba gudu ga ƙafafun baya biyu, wanda makanikai ke ce wa fon. Na wuce kai tsaye garejin Mai Nasara, Isufu na gefena yana tambaya ko kukan na da haɗari. Na ce masa ya yi shiru in ji.

Garejin fili ne bayan tasha, da bishiyar bedi ɗaya da rami da aka haƙa aka daɓe bakinsa da itace. Jikin katangar wasu mata ƴan gudun yunwa sun kafa tsummoki suna zaune da tukwanensu. Mai Nasara mutum ne gajere mai faɗin hannu, shekara goma sha biyar shi ke taɓa motata. Ya ce gara da na zaga, mai ya yi ɗumi, zai fi saurin zuba. Ya sa na hau kan ramin, ya shiga ƙasa da tasa da sifana. Ya fara kwance murfin gefe, wanda ake ɗura mai ta nan, domin a cewarsa wawa ne ke zubar da tsohon mai kafin ya tabbatar ƙofar sabon na buɗuwa. Sannan ya kwance na ƙasa.

Na durƙusa a bakin ramin ina jiran in ga mai ya zubo. Bai zubo ba. Sai da ya zura waya, sannan wani abu ya fara faɗowa guda-guda, baƙi, kamar kunun da ya kwana. Ya miƙo mini tasar. Na murza shi a yatsa, na kai rana. Akwai ƙyalli a ciki, rawaya-rawaya.

Fon ɗin wannan mota ba irin na sauran ba ne. A cikinsa wani ƙarfe ne mai murɗi yake juya faranti mai haƙora na tagulla, kuma Baturen ya bar shi a kan mai na musamman da ake yi da zurma. Littafin ya faɗa da manyan baƙaƙe: kada a gauraya shi da man giya na kullum, ko cokali ɗaya. In sun haɗu ba su shiri, sai su dunƙule, tagullar ta yi ta cin kanta. Ƙyallin da ke yatsana haƙoran farantin ne.

Na tambayi Mai Nasara wa ya zuba wa motata man giya. Ya daɗe a cikin ramin yana goge sifanar da ba ta da datti. Sannan ya ce shi ne. Bara, ranar da zan kai Zalika asibitin Maraɗi, na kawo motar ya duba, ya tarar fon ya yi ƙasa, ni kuma ina tsaye a kansa ina gaggawa, ita tana kwance a baya. Ba shi da na zurma. Ya cika da abin da ke hannunsa, bai gaya mini ba domin ya san zan tsaya karanta masa littafi.

"Ta kai ku Maraɗi ko ba ta kai ku ba, Mushe?"

"Ta kai mu. Ni kaɗai ta dawo da ni."

Na so in zage shi, na ga babu lokaci. Ya ce farantin bai ƙare ba tukuna, in an wanke cikin aka zuba man kirki zai iya zuwa ya dawo, in Allah ya so. Na ce masa kashi na farkon maganar ne aikinsa. Ya sa aka ɗaga ƙafafun baya, ya ɗura wa fon gazuwal, wato man dizal, Isufu na juya taya da hannu, ya zubar, ya sake, har sau uku, sai da abin da ke fitowa ya yi haske. Inda ke yoyo ya yanka kwali ya yi sabon shafi na toshe bakin. Zoben jan ƙarfen murfin ya gasa shi a wuta ya jefa a ruwa don ya yi laushi ya kama. Aikinsa mai kyau ne, ya kuma ƙara ba ni haushi.

Saura mai. Fon ɗin lita ɗaya da rabi yake sha. A gida ina da tsohon gwangwanin man zurma na Baturen, na jijjiga shi, rabin lita. Masu sayar da kayan mota biyu ne a Tasawa, dukansu suka dube ni kamar na tambaye su ƙanƙara. An rufe iyakar Najeriya tun watan Afirilu, Maraɗi kuwa takardata ba ta kai can ba.

Na tuna zurma ai zurma ce. Na tafi wurin mai sayar da magani, na ce ya ba ni man zurma na wankin ciki, duk abin da ke gare shi. Ƙananan kwalabe bakwai ya fiddo, sun yi ƙura. Ya ce bana babu mai neman wankin ciki, cikin kowa a wanke yake. Daga nan Isufu ya kai ni gidan wata Jummai a bakin kasuwar dabbobi, wadda ke matsar man zurma tana sayar wa masu raƙuma suna shafa wa ƙazuwa. Ta ce raƙuman sun ƙare, ita ma ta daina matsa, amma akwai saura a gindin tulu. Muka tace shi da ɗankwali sau biyu a tsakar gidanta, tana tambayar Isufu ko motar ma ƙazuwa gare ta.

Azahar ta wuce muka koma gareji. Mai Nasara ya auna duka da kwalbar lita. Ɗaya, da ɗan abin da bai kai kofin shayi biyu ba.

Na ce a zuba haka. Ya ce a'a. A kan kwalta da sanyin safiya, wataƙila. A rairayin Attantane da tsakar rana, in man bai kai bakin ƙofar gefe ba, saman farantin a bushe zai yi ta juyawa, ba za mu ga Mayahi ba ma. Ya dubi garwar man giyarsa, ya dube ni, ya kau da kai da kansa. Sannan ya rage murya ya ce man gyaɗa. Shi ma daga tsiro yake, zai shiga cikin na zurma ba faɗa. Bai kai shi jure zafi ba, amma kwana ɗaya ne.

Littafin bai ce komi a kan man gyaɗa ba. Wanda ya rubuta shi bai taɓa zuwa Tasawa ba. Na yi ta juya abin a kaina, ban sami inda ya karye ba, ban kuma sami tabbaci ba. Abin da na sani shi ne a watan nan an yi shela cewa duk wanda aka kama yana ɓoye abinci ko yana wasa da shi, bariki za a kai shi. An kai wani ɗan kasuwa a kan buhu huɗu, har lokacin ba a gan shi ba. A gida ina da kwalba ɗaya ta man gyaɗa, rabi, ita nake ɗiga wa tuwo tun watan jiya. Na je na ɗauko ta cikin aljihun riga.

Mai Nasara ya juye ta cikin gwangwanin da sauri, ya kaɗa da tsinken ƙarfe. Matan da ke jikin katanga sun gani. Ƙanshin ya isa gare su kafin in ɓoye kwalbar. Suka bi gwangwanin da ido har bakin rami.

Daidai nan wani soja ya turo babur ɗinsa da taya a sace. Dogo ne, matashi, bindiga a baya. Ya jingine babur, ya shaƙi iska, ya tambaya wa ke suya a gareji. Mai Nasara ya ce babu, ranka ya daɗe, man fon ne. Sojan ya ce shi ɗan manomin gyaɗa ne, kada a raina masa hanci. Ya ce in ba shi takarduna. Na ba shi har da ta hanya, ya ninke ta ya sa a aljihunsa, ya tsuguna gaban gwangwanin.

Na tsaya ina kallon aljihun. Ba bariki nake tunani ba. Ina lissafin cewa in ya tafi da takardar, akawun ba zai sake rubuta wata ba kafin Alhamis.

"Ɗanɗana, ranka ya daɗe," in ji Mai Nasara. "In abinci ne, ka tafi da mu duka."

Sojan ya tsoma yatsa ya kai baki. Fuskarsa ta tattare. Ya tofar, ya sake tofarwa, ya goge harshe da hannun riga, ya nemi ruwa. Man zurmar Jummai na raƙuma ne, ɗanye, ko ƙanshinsa na tayar da zuciya. Ya ce wannan ko kare ba ya ci. Ya jefo mini takarduna, ya ce a duba masa taya. Gaskiya ya faɗa, ba abinci ba ne. Minti goma kafin zuwansa ne yake abinci.

Mai Nasara ya shiga rami da mazurari da guntun tiyo. Man na da kauri, a hankali yake sauka, ni ina riƙe da mazurarin a sama. Gwangwanin ya kusa ƙarewa, Mai Nasara bai ce man ya iso ba. Na karkata shi har ɗigon ƙarshe. Sai na ji ya ce ya iso. Ya zura ɗan yatsa a ƙofar gefe ya fiddo shi a jiƙe, ya ɗaura murfin. Da zan tafi, ɗaya daga matan ta taso ta tsaya nesa kaɗan, ta ce in ba na bukatar kwalbar. Na ba ta. Ta zuba ruwan zafi a ciki, ta jijjiga, ta juye a tukunya.

Laraba rana na fitowa muna shingen bakin gari. Har Mayahi kukan ya yi ƙasa, sai in na kasa kunne nake jin sa. Isufu ya fara samun bakin magana, ya ce da ya sani da ya taho da tuwo mu ɗiga daga fon. Bayan Mayahi aka sake duba takarda, hanya ta zama rairayi. Na rage iskar tayoyi. Mota na nishi a giya ta biyu, ina tsayawa duk bayan rabin sa'a in shiga ƙarƙashi in ɗora tafin hannu a kan fon. Mai Nasara ya ce muddin ina iya ƙirga biyar hannuna na kai, in ci gaba. Tsayawar farko na ƙirga goma. A Attantane bakwai. Muna wuce mutane a hanya, da kaya a kai, duk kudu suka nufa. Mu kaɗai ke yin arewa, suna ratsewa suna kallonmu.

Mun shiga Garin Na Allah rana tsaka. An riga an ɗaure kaya a ƙofar kowane gida, an cire ƙyamaren ɗakuna. Ban shiga wurin Inna ba. Suruki ba ya shiga, kuma shekara talatin ba mu taɓa haɗa ido ba, ba ta taɓa kiran sunana ba, gaisuwarmu ta bakin wani take bi. Isufu da matarsa suka ɗauko ta a tabarma suka kwantar a kujerar baya, da ƙullin kayanta da buta. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce wa Isufu ya gaya wa mai mota an gode da wahala. Na ce wa Isufu ya gaya mata babu wahala. Tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba.

Isufu ba zai biyo mu ba, gobe zai ja iyalinsa. Ya leƙa ta taga ya daɗe yana yi wa Inna magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya zagayo wajena, ya buɗe baki, ya rasa tsiyar da zai yi, ya bugi rufin motar sau biyu.

Komowa rana ta fi zafi. Kafin Attantane na ƙirga biyar da ƙyar. Na jiƙa tsumma daga jarkar ruwanmu na naɗa wa fon, ya yi tururi ya bushe nan take. Na duba jarkar, na duba kujerar baya, ban sake ba. Kukan ya dawo, yanzu da kauri, da wani gurnani a ƙarƙashinsa. Ƙanshin suya ya cika motar. Inna na kwance daidai saman fon ɗin. Can ta yi magana, fuskarta wajen taga, ta ce a gaya wa mai mota kujerar na ƙuna. Babu kowa a motar sai ni. Na dubi gilashin gaba na ce a gaya mata an ji, an kusa.

Ba a kusa ba. Na daina tsayawa, domin hannu ba ya taɓuwa, ƙirgar ba ta da amfani, kuma ina tsoron in na tsaya a rairayi ba za ta sake tashi ba. Ina tuƙi ina kallon inuwar motar na tsawo ta gefen hagu. Hanyar ta zama wayam, masu tafiya sun yi gaba ko sun ratse neman inuwa. In ta tsaya a nan, ni da tsohuwa ne da ruwan da bai kai kwano uku ba. Na yi ƙoƙarin tuna ko haƙora nawa ne a farantin, na tuna, bai taimake ni da komi ba.

La'asar sakaliya na hango itatuwan Mayahi. A gangaren ƙarshe wani abu ya ƙara a baya kamar an karya busasshen kara, motar ta yi tsalle ɗaya. Injin na ta gudu, ƙafafun ba su juyawa. Ta gangara da kanta kamar taku hamsin ta tsaya.

Na kashe ta na fito. Ana ganin rufin gidajen farko, tafiyar da yaro zai yi a guje bai huta ba. Na duba ko'ina, ba amalanke, ba jaki, ba mutum. Na yi tunanin in bar Inna in je in nemo taimako, sai na ji numfashinta, gajere, da ƙyar. Na buɗe ƙofar baya, na juya mata baya, na durƙusa. Na ce wa itatuwan a gaya wa Inna babu wata hanya sai wannan.

Sannan na ji hannuwanta a wuyana. Ba ta da nauyi, shi ya fi tsorata ni. Shekarata sittin da ɗaya, sau huɗu na tsaya, ban sauke ta ba don na san ba zan iya sake ɗauka ba.

Gidan farko wata mata ce ke tankaɗe a zaure. Ta gan mu ta ajiye rariya, ta kira maƙwabciyarta, suka karɓe ta daga bayana suka kwantar a inuwa. Aka kawo ruwa da ɗan gari a ciki. Inna ta sha a hankali, ta huta, ta sake sha, har ta ga gindin kwanon. Ni na zauna a ƙasa a bakin zauren, na jingina da bango, rana na shirin faɗuwa.

Na ji tana tambayar matar gidan sunan garin. Aka gaya mata. Ta ce to, a ba mai mota ruwa shi ma, tun safe ba ta ji ya sha ba.